Raspberry Pi 5 da tsofaffin kayan haɗi: me zai shiga, me zai ƙi?

Malamin Fizis:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu albarka. Ƙungiyar ɗalibai da nake kula da ita tana aiki da Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, tun da daɗewa, kuma sannu a hankali mun tara kayan haɗi masu yawa: Sense HAT mai auna zafi da yanayi, allon rile na kunna fitila da famfo, kyamara samfurin 2, allon taɓawa mai inci 7, fitilun NeoPixel masu sauya launi, da cajoji masu amfiya 3. Yanzu an samu ɗan kuɗi, shugabannin makaranta kuma sun ba da shawarar a sayi Raspberry Pi 5. Abin da na sani shi ne filayen nan 40 na GPIO, wato 'yan tsinken ƙarfen da ake jona kayan haɗi a kansu, suna nan a jere yadda suke, ramukan kusoshi huɗu ma ba su gusa ba. To amma kafin in sa hannu a takardar sayayya ina so waɗanda suka riga mu taɓa wannan allo su faɗa mana gaskiya: cikin kayan da na lissafa, wanne zai shiga ya yi aiki kai tsaye, wanne zai nemi ƙarin kashe kuɗi, wanne kuma sai dai a ajiye shi?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka saya. Bari in fara da abin da ido ke gani, domin nan ne aikina ya fi ƙarfi. Jerin filaye 40 ɗin ya samo asali ne daga samfurin B+ na watan Yuli 2014, lokacin da aka ƙara su daga 26, kuma a shekarar ce aka fitar da ƙa'idar HAT wadda ta tsayar da girman allon haɗi da wurin ramuka, ta kuma keɓe fil na 27 da na 28 domin ɗan aisin (chip) da ke gabatar da allon haɗin ga kwamfutar. Wannan duka yana nan a Pi 5. Abin da ya sauya shi ne gefen allon. An mayar da kafar wayar intanet inda take a Pi 3, wato ta yi musayar wuri da kafofin USB, saboda haka kwanson Pi 4 ba zai rufe Pi 5 ba, na Pi 3 ma ba zai yi ba tunda kafofin HDMI ƙanana ne guda biyu. Filayen nan huɗu na PoE, masu karɓar wuta ta wayar intanet, sun bi kafar zuwa sabon wurinta, don haka duk wanda yake da PoE HAT na Pi 3B+ ko Pi 4 ya san cewa ba zai zauna a kan sabon allon ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cire ramin sauti mai milimita 3.5. Ta wannan rami ne ake jona lasifika mai araha, kuma ta nan ne hoton tsohuwar talabijin yake fita. Yanzu hoton yana nan amma a wasu ɗigo biyu ne na dalma da sai ka liƙa musu waya da kanka, sautin kuwa sai ta HDMI, ko Bluetooth, ko ƙaramar na'urar sauti ta USB, ko allon haɗi na sauti. A ganina wannan koma baya ne ga na'urar da aka ce an yi ta domin yara masu koyo.

Ɗalibar Kwamfuta:
Barka da wannan bayani, Baba. Ina neman izini in ƙara a kan batun kyamara da allon taɓawa, domin suna cikin lissafin Malam. Wurin da ramin sautin yake shi aka cika da soket biyu na faffaɗar waya, kowanne yana iya ɗaukar kyamara ko allon nuni, ba kamar Pi 4 ba inda ɗaya na kyamara ne kawai ɗaya kuma na allo. Sai dai sababbin masu layi 22 ne a matse, irin na kyamarar Pi Zero, alhali tsofaffin masu layi 15 ne. Kyamarar Malam za ta yi aiki, allon inci 7 ma zai yi, amma kowanne sai an saya masa wayar da take da 22 a kai ɗaya, 15 a ɗaya kan. A kula sosai a nan: wayar kyamara daban, wayar allo daban, ko da yake in ka ajiye su tare da wuya ka bambance su in ba ka karanta rubutun da ke jikinsu ba. Ana yin su a tsawon milimita 200, 300 da 500.

Akwai kuma batun manhaja. Pi 5 ba ya tashi da tsohon katin da aka ɗora wa tsohuwar manhajar Bullseye, sai Raspberry Pi OS na Bookworm da ya fito a Oktoba 2023 ko wanda ya biyo bayansa. A can babu umarnin ɗaukar hoto na raspistill da tsohon laburaren picamera (laburare tarin umarni ne da shiri ke kira ya yi masa aiki), an koma rpicam-still da Picamera2. In ɗalibanku suna da darussan kyamara da aka rubuta da tsohon tsari, za a sake rubuta su.

Malamin Fizis:
Na gode, Baba, na gode ƙanwata. Waya biyu da sabon kwanso abu ne da za mu iya ɗauka. Tambayata yanzu ita ce allon rile da Sense HAT. Tunda su a kan filaye 40 suke zama, kuma filayen ba su sauya ba, shin ba shi ke nan ba?

Ɗalibar Kwamfuta:
A nan ne ainihin maganar take, Malam, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Daga Pi na farko a 2012 har zuwa Pi 4, filayen GPIO suna fitowa ne kai tsaye daga babban aisin Broadcom. A Pi 5 babban aisin, BCM2712, aikinsa lissafi da hoto da ƙwaƙwalwa, an kuma ɗauke masa GPIO da USB da kafar intanet da kyamara an damƙa wa wani aisi daban mai suna RP1, wanda injiniyoyin Raspberry Pi suka zana da kansu a Kambirij. Su biyun suna magana da juna ta layukan PCIe guda huɗu. Kamar gida ne da ƙofarsa take nan ba a taɓa ta ba, amma wanda ke amsa sallama a ciki wani ne daban.

Duk manhajar da take bi ta hannun Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, ta nemi a kunna fil ko a karanta shi, ba ta ma san an yi wani sauyi ba. Shi ya sa Sense HAT yake aiki, haka mafi yawan kayan da ke amfani da hanyoyin sadarwa na I2C ko SPI. Waɗanda suka tsaya su ne laburaren da aka rubuta su tsallake Linux su rubuta umarni kai tsaye cikin adireshin aisin Broadcom domin sauri. RPi.GPIO, wanda kusan kowane tsohon darasi a intanet yake farawa da shi, yana cikinsu. Haka pigpio. Haka rpi_ws281x da ake tuƙa fitilun NeoPixel da shi, domin ya dogara ne da sassan PWM da DMA na tsohon aisin. Allon rilenku lafiyarsa ƙalau, wutar bolt 3.3 ce dai za ta fito daga fil ɗin nan da aka saba, amma in shirin da ɗalibai suka rubuta ya fara da kiran RPi.GPIO, zai tsaya da saƙon kuskure kafin ya kunna ko fil ɗaya.

Mafita biyu ce. Ko a sake rubuta shirin da gpiozero, wanda shi ne abin da aka fi ba da shawara yanzu kuma ya fi sauƙin koyarwa, ko a cire RPi.GPIO a sa rpi-lgpio, wanda Dave Jones ya rubuta domin ya karɓi irin umarnin tsohon amma ya bi ta hannun Linux. Kada a bar su biyun tare a wuri ɗaya, domin suna ɗaya suke amsawa. Fitilun NeoPixel sun fi wahala. Sai a ƙarshen 2024 aka buɗe hanyar amfani da sashen PIO na RP1, mai sarrafa filaye da sauri, kuma daga nan aka samu sabon laburare da ke tuƙa su a Pi 5, amma tsohon shirin ba zai tashi haka nan ba tare da gyara ba.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, bayaninki ya fito sarai, amma shi ne ya ƙara mini ƙarfi a kan ra'ayina. Darajar wannan allo ba saurinsa ba ce, domin ko wayar hannun da ke aljihun ɗalibin Malam ta fi shi ƙarfi. Darajarsa ita ce dubban darussa da littattafai da allunan haɗi da mutane suka tara a cikin shekara goma, waɗanda yaro zai kwafa ya ga fitila ta kama, zuciyarsa ta yi daɗi ya ci gaba. Yaron da ya kwafi darasi daidai harafi da harafi, ya ga kuskure a allo, ba zai ce laburare ne ya tsufa ba, zai ce shi ne bai iya ba. Yara nawa ne za su daure su nemi dalili? Ni ina ganin an fifita masu son ƙaramar kwamfutar tebur a kan masu son haɗa waya da rizista.

Injiniyan Sola:
Baba, da girmamawa, a wannan gaɓar na ɗan saɓa maka. Abin da ya sa aka raba aisin biyu dalili ne na ƙira, ba son zuciya ba. BCM2712 an yi shi a ma'aunin nanomita 16, kuma duk lokacin da aka ƙanƙance aisi domin sauri, yana ƙara wahala a sa masa filaye masu jure bolt 3.3 da ɗan karon wutar da hannun yaro zai iya jawowa. RP1 an bar shi a nanomita 40, tsohon ma'auni mai ƙarko da araha. Eben Upton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Raspberry Pi, ya bayyana a lokacin fitar da allon, a Satumba 2023, cewa tun 2016 ake aikin RP1 kuma ya ci kimanin dala miliyan 15. Amfaninsa shi ne in an zo yin allo na gaba za a iya sauya babban aisin a bar RP1 yadda yake, filayen su ci gaba da hali ɗaya. Su kuma laburaren da suka karye, dama hanyar da suke bi ba hanya ce da Linux ya yarda da ita ba, kuma ko lokacin Pi 4 sai da aka yi musu gyara kafin su gane sabon aisi. Na yarda da kai cewa mai koyo ne yake ɗaukar wahalar wannan sauyi, amma wahala ce da dole wata rana a sha ta.

Abin da nake so Malam ya fi mayar da hankali a kai shi ne wuta, domin ita ce za ta fi cin kuɗinsa. Pi 4 a ƙarshen ƙarfinsa yana jan kusan wat 8, Pi 5 kuwa yana kai wat 12. Cajojinku masu amfiya 3 za su tayar da shi, amma da zarar ya gane cajar ba ta kai amfiya 5 ba sai ya taƙaita wutar da kafofin USB huɗu za su raba zuwa miliamfiya 600. Madannai da linzami za su wadatu da haka, amma faifan ajiya na waje ko modem na layin waya ba lallai ba ne. Da caja mai amfiya 5 iyakar tana hawa zuwa amfiya 1.6. Matsalar ita ce cajojin wayar hannu da na laftof da ke kasuwa, ko an rubuta musu wat 45 ko 65, yawancinsu suna kai wannan ƙarfin ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa 9 ko 15 ko 20, a bolt 5 kuwa amfiya 3 kawai suke bayarwa, shi kuma Pi 5 bolt 5 kaɗai yake karɓa. Saboda haka ne aka yi masa tasa cajar ta wat 27.

Mai Kiwon Kaji:
Sannunku da ƙoƙari. Yaya Injiniya, wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Injin ƙyanƙyasar ƙwaina Pi 4 ne ke kula da zafinsa da juya ƙwai, kuma ba ta caja yake samun wuta ba, daga batirin sola mai bolt 12 nake saukar da ita zuwa bolt 5 in shigar ta filayen GPIO. In na koma Pi 5, yaya zai san ƙarfin wutar da nake ba shi tunda babu cajar da zai tambaya? Kuma na ji an ce yana da agogo a jikinsa, wanda shi ne abin da ya fi jan hankalina, domin a gonar babu intanet, kuma duk lokacin da wuta ta yanke sai lokaci ya rikice.

Injiniyan Sola:
Hajiya, ba zai sani ba, sai dai ki faɗa masa. In wuta ta shigo ta filaye yana ɗauka amfiya 3 ce, ya sa waccan iyakar. Ana cire ta da layin usb_max_current_enable=1 a fayil ɗin config.txt, wanda a Bookworm ya koma cikin /boot/firmware. Amma kada a rubuta wannan layi sai an tabbata na'urar saukar da boltin tana iya ba da amfiya 5 ba tare da ta faɗi ba, kuma wayoyin gajeru ne masu kauri, a raba su a fil na 2 da na 4 da filayen ƙasa (GND) fiye da ɗaya. Siririyar waya mai tsawo ita kaɗai tana iya zubar da boltin zuwa ƙasa da 4.6, inda allon zai fara kukan ƙarancin wuta.

Akwai wani abu kuma da masu batir ya kamata su sani. In an kashe Pi 5 ta manhaja ko ta sabon maɓallinsa, a yadda ya zo daga masana'anta yana ci gaba da shan fiye da wat 1, domin an bar layin bolt 3.3 a kunne. An yi haka da gangan saboda wasu tsofaffin allunan HAT suna rikicewa in bolt 5 tana nan alhali 3.3 ta ɗauke. Ana iya sa POWER_OFF_ON_HALT=1 a saitin EEPROM, ɗan aisin da ke riƙe da saitin tayar da allon, shan wutar ya sauka kusan babu. Sabuwar ƙa'idar HAT+ da aka fitar a Disamba 2023 ta wajabta wa allunan haɗi su jure wannan yanayi. Wannan ma amsa ce ga Baba, domin ya nuna an yi tunanin tsofaffin kaya har aka yarda a yi asarar wuta saboda su.

Agogon gaskiya ne, yana nan, amma sai an jona masa batir a ɗan soket ɗinsa. Batirin da aka yi masa mai caji ne, ML2020, kuma cajin a kashe yake sai an kunna shi a config.txt. Wanda ya sa batirin da ba a caji kada ya kuskura ya kunna. Sai dai Hajiya, in agogo ne kaɗai buƙatarki, ƙaramin allon agogo na DS3231 da ake jonawa ta I2C zai yi miki wannan aiki a kan Pi 4 ɗinki da kuɗi kaɗan. Injin da ke auna zafi yana kunna rile ba ya buƙatar masarrafa mai gudun gigahaz 2.4, kuma ƙarin wutar da zai sha daga batirinki ne za ta fita cikin dare. Shawarata ki bar shi yadda yake.

Mai Kiwon Kaji:
Na gamsu, Allah ya saka da alheri. Zan nemi DS3231 ɗin. Ga Malam kuma ina da tambaya ɗaya da ban ga an taɓo ba, wato zafi. A watan Maris da Afrilu ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yana haura digiri 40 a wajenmu. Pi 4 ma sai da na sa masa fanka.

Baba Mai Rediyo:
Tambaya ce mai kyau, Hajiya, kuma tana komawa kan batun allunan haɗi. Pi 5 yana fara rage gudunsa in ya kai digiri 80, ya ƙara ragewa sosai a 85, kuma in ana ba shi aiki mai nauyi ba tare da sanyaya ba yana kaiwa can ko a ƙasa mai sanyi, balle a bazararmu. An yi masa fanka mai haɗe da ƙarfen shan zafi, Active Cooler, da ke shiga wasu ramuka biyu na musamman, tana da nata soket mai fil huɗu, ba ta cin ko ɗaya daga filaye 40. Wannan na yaba. Amma tana da tsayi, kuma allon HAT da aka saba ɗorawa da gajerun ƙafafu zai zauna dab da ita ko ya taɓa ta, musamman in yana da kaya a ƙasansa. Sai an sa dogon soket na ƙarin tsayi da dogayen ƙafafu, kamar na milimita 16 da ke zuwa tare da M.2 HAT+. Kuma Malam ya lura da Sense HAT musamman, domin yana auna zafin ɗaki ne alhali yana zaune a saman allo mai zafi. Ko a Pi 4 lambar da yake bayarwa tana haura gaskiya, a Pi 5 kuwa sai an ɗaga shi ko an nisanta shi da waya in ana son darasin auna yanayi ya yi ma'ana.

Ɗalibar Kwamfuta:
Tunda Baba ya ambaci M.2 HAT+, ya kamata a faɗi abin da aka samu, ba abin da aka rasa kaɗai ba. A gefen da soket ɗin allon nuni yake a da, yanzu akwai kafar PCIe mai layi ɗaya, kuma da wannan allon haɗi da ya fito a Mayu 2024 a kan dala 12 ana iya sa faifan ajiya na NVMe mai girman 2230 ko 2242, har a tayar da kwamfutar daga gare shi. Ga wanda katin microSD ke yawan lalace masa saboda yankewar wuta, wannan babban ci gaba ne. A ɗaya ɓangaren, Pi 5 ba shi da sashen da ke matse bidiyon H.264 a jikin aisi kamar yadda Pi 4 yake da shi, masarrafar ce ke yin aikin da kanta. Tana iyawa, amma wanda zai bar kyamara tana ɗauka dare da rana a kan batir zai ga bambancin a wuta da zafi.

Abu na ƙarshe, Malam, in kuna da na'urar GPS ko allon layin waya da ke magana ta fil na 8 da na 10: a Pi 5 sunan serial0 yana nuni ne ga sabon ɗan soket mai fil uku da ke tsakanin kafofin HDMI, don haka sai an kunna uart0 a config.txt a kuma kira ttyAMA0 a cikin shirin.

Malamin Fizis:
Allah ya ƙara muku basira baki ɗaya. Ga abin da zan kai wa shugabannin makaranta. Ba za mu maye gurbin allunan Pi 4 ba, za su ci gaba da ɗaukar darussan rile da fitilu da Sense HAT. Za mu sayi Pi 5 guda biyu kacal masu ƙwaƙwalwar gigabait 4, kowanne da cajarsa ta wat 27 da fanka da kwanso da wayar kyamara, domin manyan ɗalibai masu aikin gane hoto, inda saurin yake da amfani na gaske. Ragowar kuɗin zai tafi ga na'urorin aunawa da wayoyi. Zan kuma fara mayar da darussanmu zuwa gpiozero tun yanzu, tunda yana aiki a kan allunan biyu. Ƙanwata, in kina da hali, ina so ki duba mana shirin fitilun NeoPixel kafin mu gwada shi a sabon allon.

Ɗalibar Kwamfuta:
Da yardar Allah zan duba, Malam. Ka turo shirin tare da adadin fitilun da fil ɗin da kuka jona su, ka kuma faɗa mini ko daga allon suke shan wuta ko suna da tasu cajar daban, domin in suna da yawa sai an raba musu wuta kafin a yi maganar manhaja.